Ku Tambayi Malam: Diramar unguwa, shiririta ce ko aiki?

Jama'a assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk kan abu guda sunka tsaya, wato dirama, ba ta fim ba, irin wadda yaran unguwa ke haɗawa su yi a filin firamare ko ƙofar gidan mai unguwa. Ga huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu samari na muna da ƙungiyar dirama nan unguwar Mabera a Sakkwato, wasu ɗalibai wasu 'yan kabu-kabu wasu teloli, duk Asabar muna rihazal, wato gwajin wasa, bayan la'asar. To babana yac ce in hita daga ciki, wai shiririta ta da ɓata lokaci ko sisi ba ta kawowa, abokaina kuma sun ce wa ka tsayawa kallon dirama a hili yanzu ga TikTok a hannu. Wallahi jikina ya hwara sanyi. Wagga aba tana da wani amfani ga gari ko mu watse?
Matashi daga Mabera

AMSA: Ɗana kada ku watse. Amma maganar Baba ba ta banza ba ce, ya ga jiya ya ga yau, wataƙila ya ga ƙungiyoyin da sunka fara da sunan dirama sunka ƙare a majalisar shaye-shaye ko bangar siyasa, to nan tsoronsa yake, kuma kai ne za ka nuna masa taku ba haka take ba, da aiki ba da musu ba.

Abin nan fa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun kafin a san akwatin talabijin, da azumi ya kai goma yara sun fito tashe, wannan ya manna gemun auduga ya ranƙwafa ya zama tsoho, wancan ya rungumo tarkacen saiwoyi ya zama mai magani, 'yan mata na kwaikwayon zaman miji da mata, ana bi gida gida ana dariya amma kowa ya san halin wa ake taɓawa. Ga 'yan kama, ga wasan gauta da matan fada kan yi, wata ta yi shigar sarki wata ta waziri su kwaikwayi zaman fada sarki na kallo, abin da bafade ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba sai a nuna shi cikin raha kuma saƙo ya isa inda ake so. Ko a rubuce ma namu na cikin na gaba, Wasan Marafa na Abubakar Tunau Mafara ya fito tun 1949, lokacin Mafara na cikin lardin Sakkwato, kuma kan tsabta da kiwon lafiya ya yi magana. Ka tambayi Baba ko ya tuna yadda gidan da ke da talabijin kan cika da yaran maƙwabta in an sa diramar Idon Matambayi a NTA Sakkwato, na tabbata zai tuna, kuma da yawa cikin 'yan wasan wancan zamanin daga ƙungiyoyin gari da na makarantu irin taku sunka fito.

Yanzu maganar TikTok. Ni ban raina waya ba, tana kai saƙo Illela ta kai Jidda cikin minti guda. Amma mai kallon waya shi kaɗai yake, ya yi dariya shi kaɗai ya murza ya wuce, babu wanda ya ga fuskarsa. A fili kuwa liman na nan, mai unguwa na nan, mai kemis na nan, uwar yaron da ƙwaya ta lalata tana bayan zana tana leƙe, duk ido guda ake kallo. A ce kun yi wasa kan yaron da ya sace keken ɗinkin uwarsa ya sayar don ya sha, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma kowa ya san an koma wasu abubuwan, to a ranar kowa a filin nan ya san gidajen da abin ya shafa kuma ya san lungun da ake sayarwa, maganar da anka daɗe ana yi ƙasa ƙasa ta fito fili ba tare da an kama sunan kowa ba. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunya abu ne mai kyau, sai dai tana rufe bakin yaro gaban dattijo, ta rufe bakin matar aure gaban surukai, har ɓarna ta yi nisa ba a tanka ba. Dirama ita ke ba unguwa hanyar yin wannan magana ba tare da an yi rashin kunya ba, wannan shi ne babban aikinta kuma ban ga abin da ya maye gurbinta ba har yau. Ƙari kan haka da bakinmu ake yi, in ɗan wasa ya ce "mi kac ce" tsohuwa ta san ɗan gida ne ke magana ba wani daga nesa ba.

Akwai dabarar da nake so ku ɗauka. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban dirama na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru sunka fara shiga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, ba da rubutaccen wasa a hannu ba, sai su zauna da manoma su ji abin da ke damunsu, taki ne ko bashi ko rikicin gona, sannan a gina wasa daga bakin mutanen, a yi shi a dandali, in an kai inda magana ta ƙulle sai a tsaya a juyo wajen 'yan kallo a ce to jama'a ku ya kuka gani, mi ya kamata wannan mutum ya yi. Ku gwada haka a Mabera. Ku zagaya ku ji masu shayi da 'yan ga-ruwa da matan da ke tashi da asuba neman ruwa, ku ji maganar magudanar da ke toshewa duk damina, wasanku na nan a bakinsu. Kuma kada ku tashi taro da an gama tafi, rabin aikin yana cikin muhawarar da za a yi bayan wasa.

Batun kuɗi gaskiya Baba ya faɗa, ba ta kawowa, don haka kada ka saki ɗinki ko karatu saboda ita. Amma yaron da ya saba zuwa rihazal kan lokaci, ya haddace layinsa, ya tsaya gaban mutane ɗari ya yi magana ba inda-inda, ya jure gyaran darakta ba fushi, ya samu abin da zai amfane shi ko ina ya shiga. Ran wasanku na gaba ka je da kanka ka durƙusa ka gayyaci Baba, ka nemi aminin nasa ya rako shi, a aje masu kujera a gaba. Gani ya kori ji.

TAMBAYA: Malam ɗiyata tana aji biyar na sakandare, malamarsu ta sa ta cikin 'yan dirama na makaranta, ita tana so ƙwarai amma ni hankalina bai kwanta ba, ina tsoron cakuɗuwa da maza kuma ina tsoron gobe a ce 'yar dirama ta manema su guje ta. Mi kag gani?
Uwa daga Runjin Sambo

AMSA: Hajiya Allah ya saka da alheri da kika tambaya maimakon ki hana kai tsaye. Tsoron nan naki na uwa ne kuma yana kan hanya. Abin da zan ce shi ne ki taka da ƙafarki ki je makarantar ki ga malamar ido da ido, ki tambaye ta yaushe ake rihazal, a ina, wa ke tsaye a kansu, wane matsayi anka ba yarinya kuma wace shiga za ta yi. In da rana ne cikin makaranta gaban malama, da hijabinta, ana tashi kafin magariba, labarin kuma mai tsabta ne, ni ban ga abin gudu ba. In kin ji ana maganar fita waje da dare ko ɗaukar bidiyo a watsa ba da saninki ba, nan ki ja layi, kuma hakkinki ne.

Ki duba ko a Islamiyya ana yin tamsiliyya ranar walimar sauka, 'yan mata su nuna ladabin zama da iyaye ko illar gulma, iyaye mata har hawaye suke yi. Kuma mu a garin nan ba mu ne za mu ce mace ba ta koyar da jama'a da baki ba, Nana Asma'u da ta rasu a 1864 waƙoƙi ta riƙa ba jajojinta, wato matan da ta naɗa jagororin koyarwa, su haddace su shiga ƙauyuka su rera wa mata masu neman ilimi da ake kira 'yan taru. Ban ce dirama sunka yi ba, a'a, amma sun gane cewa abin da kunne ya ji da daɗi shi ke zama a zuciya. Inda malamai sunka yi saɓani kan hukuncin wasan kwaikwayo kuwa wannan ba fagena ba ne, ki tambayi malamin da gidanku ya yarda da shi, kuma ki yi shawara da Alhaji tun yanzu kada ya ji a bakin wani. Manemin kirki ba ya gudun yarinya don ta iya magana gaban taron iyaye.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa na, hatsi nika saidawa. Yaran unguwarmu sunka yi dirama kan masu ɓoye abinci, wanda yaf fito a mugun Alhajin yas sa irin hulata, shina ɗingishi irin nawa, har irin gyaran muryata. Yanzu yara na bina da sunan da anka ba shi cikin wasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar kai ƙara.
Alhaji daga cikin gari

AMSA: Alhaji ka yi haƙuri, an yi maka ba daidai ba kuma ba zan rufa wa yaran ba. Hali ake kwaikwaya ba mutum ba. Da zarar ɗan wasa ya ɗauki tafiyar wani da hularsa, balle lalurar ƙafa da Allah ya ɗora masa, ya bar gyara ya shiga cin mutunci, kuma irin wannan ke sa dattawa su rufe wa ƙungiya ƙofa gaba ɗaya. Amma ina roƙonka kada ka kai ga hukuma, ka je wajen mai unguwa a kira shugabanninsu su ba ka haƙuri gaban dattawa, su canja shigar, su kuma tsawata wa ƙanana. Shi kansa batun ɓoye hatsi don Allah kada a hana su taɓa shi, talakawa na jin jiki in kwanon gero ya tashi tsakiyar damina, kuma 'yan kasuwa na da nasu bayanin, kuɗin mota, matsalar hanya, manoman gabashin Sakkwato da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Kai ka san wannan ɓangaren fiye da yaran, ka zauna da su ka ba su shi su sa a wasa, zai fi yin gaskiya.

TAMBAYA: Muna son kafa ƙungiya amma ba mu da hol ba mu da kuɗi. Ta ina za mu fara?
Ɗalibai daga Bodinga

AMSA: 'Ya'yana ba ku buƙatar hol. Inuwar dogon yaro da tabarmi da benci biyu sun isa, kayan sawa ku aro a gida, tsohuwar babbar riga da rawani da zane. Abin da za ku kashe wa kuɗi shi ne hayar lasifika da man janareto, wannan karo-karo zai ɗauka. Kafin komai ku gaida mai unguwa da liman ku gaya masu labarin wasan tun daga farko har ƙarshe, in filin makaranta kuke so ku rubuta wa hedimasta takarda, ku kuma sanar da 'yan sanda ko 'yan sintiri tunda taro ne. Ku fara bayan la'asar ku gama kafin kiran magariba, ku ware wa mata gefensu, lokacin sanyi ya fi daɗin taro a fili, watan Afrilu kuwa ba mai zama maku cikin wannan zafin. Wasa kada ya wuce minti 30 don a samu lokacin tattaunawa.

Wata rana ƙungiyoyin agaji za su neme ku don wayar da kai kan rigakafi ko amai da gudawa, ku karɓa, aikin alheri ne, da irin wannan faɗakarwa cikin abubuwan da sunka taimaka har anka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020. Sai dai in sun miƙo maku labarin da anka rubuto daga ofis ku nemi izini ku sake zuba shi da bakin Bodinga, in ba haka ba mutane za su ji talla ce su watse. Ɗan siyasa kuma in ya kawo gudummawa lokacin zaɓe da sharaɗin a sa hotonsa a bayan fage, ku yi godiya ku mayar masa, don ranar da ƙungiya ta zama ta jam'iyya rabin gari ya daina zuwa kallonku. Ku buɗe littafin kuɗi tun ranar farko, ma'aji daban sakatare daban, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita duk ƙarshen wata gaban kowa.