Yaya ake gano ƙwayar da ba ta cika fitowa ba a kimiyyar fiziks?

Ka tambayi yadda ake tsamo ƙwaya irin Higgs, ɗaya daga ƙwayoyin da suka fi zarra (atom) ƙanƙanta, wadda sai ƙwayoyi sun yi karo wajen sau biliyan take fitowa sau ɗaya.

Tacewa ce, malam. A LHC, injin gwara ƙwayoyi na cibiyar binciken fiziks ta CERN, dunƙulen furoton (ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra) na haɗuwa sau miliyan 40 a daƙiƙa, kwamfuta ta zubar da bayanan kusan duka. A ragowar ake lissafa abin da sanannun ƙwayoyi za su haifar, a duba ko akwai rara. Nan wahalar take, domin sawun ƙwayar da ake nema da na sanannun kan yi kama.

Kada ɗan tudu a jadawali, wato alamar rarar, ya ruɗe ka. Wanda aka gani a 750 GeV (ma'aunin makamashi) a 2015 ya ɓace a 2016 da bayanai suka ƙaru, shi ya sa ake jiran sigma 5, matakin tabbacin da zai yi matuƙar wuya a ce rarar dace ce kawai. Wannan lissafin kam, nemi masanin ƙididdiga ya duba maka.