Ku Tambaya: Ta Ina Wayar Kyamarar Mota Za Ta Bi?

Tambaya: Na sayi kyamarar gaban mota don Corolla ta 2010. Wayar na ta reto daga madubi har kan giya, kuma ina tsoron taɓa komai kada in yi ɓarna. Yaya zan yi? Daga wata malamar makaranta, Kaduna.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, wannan tsoron naki shi ne daidai. Manna kyamarar a bayan madubi, inda waifa ke sharewa. Tura wayar da yatsa cikin bakin silin, ki bi da ita dama, wajen fasinja. Kada ki bi ta wajen direba, don wayar da ta sulluɓo ƙasa tana iya naɗe birki ko totur.

Inda ake kula shi ne ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa. Duba ko an rubuta SRS ko AIRBAG a jikinsa. In akwai, to jakar iska na naɗe a wajen, kuma in an yi haɗari tana ɓallowa kafin ƙiftawar ido. Wayar da ta gitta ta gabanta za ta iya tare ta, ko ta tsinke ta zabgi fuskar mutum. Dole ta bi ta bayan jakar, a ɗaure ta jikin wayoyin kamfani. Kafin a buɗe murfin ginshiƙin, a cire kan batir mai alamar (-), a jira daƙiƙa 90. Duk waya ko soket mai ruwan ɗorawa a wurin na jakar iska ne, ba a taɓa su. In ba ki saba ba, ki kai wa mai wayarin, amma ki tsaya a kansa. Daga nan sai cikin robar ƙofa, ƙarƙashin akwatin gaban fasinja, zuwa ramin caja. Wayar da ke zuwa cikin kwalin yawanci mita uku da rabi ce, ta isa har da saura. Ragowar a naɗe ta sako-sako a ɗaure.

Tambaya: Ina so kyamarata ta riƙa ɗauka ko na faka. Mai wayarin ya ce zai yanke kan cajar ya jona kai tsaye. In bari? Daga wani direban haya, Kano.

Amsa: Kul, ɗan'uwa! Motarka na ba da bolt 12, yawancin kyamarorin nan kuwa bolt 5 suke ci. Wannan kan cajar da yake son yankewa shi ke rage wutar. Ya yanke, kyamara ta ƙone a take, kuma cewa zai yi jabu aka sayar maka.

Wannan ɗabi'ar ta feƙe waya da haƙori, a murɗa, a naɗa salatif, ita ke cinye motocinmu. A zafin Afrilu, mota a rufe cikin rana, danƙon salatif narkewa yake, ya saki, tagulla ta taɓa ƙarfen mota. In babu fis a layin, ba abin da zai yanke wutar. Wayar za ta yi ja, sai ƙaurin roba, sai hayaƙi daga ƙarƙashin dashbod. Mutum ya ba da miliyoyi ya sayi mota, sannan ya yi ƙyashin abin da bai kai kuɗin rabin tankin mai ba!

Ka nemi wayar da aka yi musamman don haɗawa da akwatin fis. Ƙafa uku gare ta: ɗaya ga fis mai wuta kullum, ɗaya ga wanda ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, baƙar kuma a ɗaure ta da noti jikin ƙarfe marar fenti. Da tasta ake gane kowanne, ba da kintace ba, don launin ja da rawaya ya bambanta tsakanin kamfanoni. A ɗauki wuta daga fis ɗin rediyo ko na ramin caja; na birkin ABS, na jakar iska da na kwamfutar inji a bar su. Ka zare fis ɗaya ka tafi da shi kasuwar Ƙofar Ruwa don a ba ka wayar da ta dace da shi, saboda girmansu ba ɗaya ba ne. Ka kuma tabbata abin yana da na'urar da ke kashe kyamara in batir ya yi ƙasa, ka saita ta a bolt 12 ko 12.2. In ba haka ba, da asuba sai turi.

Tambaya: Zan iya manna wayar a gilashi da sufa gulu?

Amsa: Za ka iya. Ranar da za ka cire ta sai ka rubuto mana ka tambayi kuɗin sabon gilashi.

Tambaya: Kyamarata na mutuwa tana tashi tun da na sauya waya. Ta lalace ke nan?

Amsa: Da wuya. Doguwar wayar caja mai arha siririya ce a ciki, wuta na raguwa kafin ta isa. Mayar da tata ta asali ka gani.

Tambaya: Kyamarar baya fa, a Sienna?

Amsa: Alhaji, ka fara tabbata tsawon wayar zai isa. Tunda ƙofar but ɗagawa take, a zura wayar ta cikin bututun robar da wayoyin kamfani ke bi a sama, a ɗan shafa mata ruwan sabulu ta wuce. In aka bar ta a bakin ƙofa, buɗewa da rufewa za su datse ta, damina kuma ruwa ya biyo ta ya jiƙa silin.