Zama a gidan da kare yake ɗan gida

Ɗan'uwa, ka ce ka samu ɗaki a Berlin wajen wasu dattawa, mata da miji, waɗanda tun farko suka gaya maka ba sa bin kowane addini, ga su da kare ɗaya da kyanwa biyu da suke ji da su kamar 'ya'yan cikinsu. Kana son sanin ko rashin addinin ne ya jawo haka, da yadda za ka zauna da su lafiya. Allah ya sa ka je a sa'a.

A ganina ba rashin addini ne ya haifi wannan ƙaunar ba, don Jamusawa masu zuwa coci ma haka suke da karnukansu. Sai dai akwai wata alaƙa. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Samuel Perry da Ryan Burge, sun gano cewa mutanen da suka fi zuwa wurin ibada sun fi ƙarancin ajiye dabba a gida, musamman kyanwa. Ka duba abin da masallacin unguwa yake yi wa mutum ban da salla: a gaisa, a san ba ka da lafiya, a zo maka suna, a raka ka jana'iza. Wanda ba shi da irin wannan jama'ar, 'ya'ya kuma sun girma sun kama gabansu, karen ne yake tashinsa da safe, shi ne ke tarbarsa a bakin ƙofa, shi ne ke fitar da shi titi sau uku a rana har ya gaisa da maƙwabta. Kusan gida huɗu cikin goma a Jamus mutum ɗaya ne kacal a ciki. Abin kuma har cikin jiki yake: a 2015 masana a Japan sun nuna cewa in kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikinsu duka biyun, shi ne sinadarin da ke ƙulla uwa da jaririnta.

Hukuma ma ta ɗauki abin da gaske. Tun 1990 dokar Jamus ta ce dabba ba kaya ba ce, a 2002 kuma aka sa kiyaye haƙƙin dabbobi a cikin tsarin mulki. Masu kare a Berlin galibi suna biyan harajin kare duk shekara, suna biyan inshorar ɓarnar da zai iya yi, ga kuɗin likitan dabbobi. Don haka ka ɗauki dabbobin nan kamar yaran gidan da ka sauka. Ba dole ka so su ba, amma dole kada ka cuce su.

Iyakarka ka faɗe ta tun ranar farko, a fili, ba da alkunya ba. Bajamushe ba ya gane kawaici. In ka yi shiru, a wurinsa ka yarda ke nan. Ka ce musu ba ka son kare ya shiga ɗakinka saboda nan kake salla, kuma ba ka son ya lashe ka. Za su karɓa, sau da yawa su da kansu za su koya wa karen tsayawa a bakin ƙofa. Naka shi ne rufe ƙofar kullum da naɗe sallaya ka ɗora a sama, don kyanwa tana son kwanciya a kai tana wasa farce. Game da tsarki, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce har da yawunta, wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sha a ciki kuma umarni ne da ake bi don ibada. Sauran mazhabobi sun tsaurara, ka zauna da malaminka kafin ka tashi don zuciyarka ta natsu.

Haɗuwar farko da karen ita ce wurin da mutanenmu suka fi yin kuskure. Mun saba in kare ya taso a duƙa kamar za a ɗauki dutse, ko a daka masa tsawa, ko a ranta a na kare. Duk ukun kada ka yi. Gudu yana sa ya bi ka, ɗaga hannu kuma mai gida zai ɗauka dukansa za ka yi, wannan kuwa ba a mantawa. Ka tsaya cik, ka ɗan juya masa gefe, hannuwa a ƙasa, kada ka zuba masa ido. Zai shinshina ƙafarka na ɗan lokaci ya wuce. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. In jikinsa ya sandare ko ya fara gurnani, ja da baya a hankali. Kada ka taɓa shi yana ci ko yana barci.

Sai tsarabar gida, a nan nake so ka fi natsuwa. Nama ba a yarda matafiyi ya shiga da shi Tarayyar Turai ba, saboda haka kilishi da dambun nama ka bar su a gida. Amma yaji da girkinka na yau da kullum cike suke da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, ɗanye ne, dafaffe ne ko gari. Mugun abin shi ne alamar ba ta fitowa sai bayan kwana biyu ko fiye: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Goro yana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin gahawa da cakulan, jikin kare kuma ba ya fitar da su da sauri. Baƙin cakulan giram 50 ya isa ya sa kare mai kilo 10 amai da bugun zuciya. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda. Cingam marar sukari mai ɗauke da wani abin zaƙi da ake kira zailitol yana faɗar da sukarin jininsa cikin ƙasa da awa guda. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji, don haka kwandon shara ya kasance a rufe. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, kada ka bar shi a kan tebur. In ka ga ya haɗiye wani abu cikin waɗannan, kada kunya ta sa ka ɓoye. Faɗa nan take, da abin da ya ci da yawansa, don likita ya fi iya sa shi amayar da shi a cikin awa biyun farko.

Tagogin Jamus suna da wata buɗewa ta sama, su karkato ciki su bar tsaga mai faɗi a sama, matsattsiya a ƙasa. Kyanwa takan yi ƙoƙarin fita ta nan, ta zame ta maƙale a kwankwaso, jini ya daina kaiwa ƙafafun baya. Wasu sun shanye, wasu sun mutu kafin a dawo gida. Kada ka fita ka bar taga a haka. Turaren wuta ma ka rage, a ɗakinka kawai, don hayaƙi yana tayar wa kyanwa asma, yana kuma iya tayar da na'urar gobara da ke rufin ɗakin.

Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, kyanwa kuma tana iya haura 15, to mai yiwuwa kana gidan ɗaya zai tsufa ya mutu, ko likita ya yi masa allurar hutawa in ciwo ya ƙi magani. Za ka ga dattijo yana kuka wiwi, wataƙila a ƙona gawar a kawo tokar gida a ajiye. Don Allah kada ka ce "ai dabba ce", kada kuma ka ce su sayi wani. Mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, bai kamata tausayin dabba ya zame mana baƙo ba. Ka kira karen da sunansa, ka ce ka ji ba daɗi, ka ambaci wani abu da ka gani yana yi, kamar yadda yake kwanciya a bakin ƙofa yana jiran su dawo daga kasuwa.