Da gaske mutanen Weimar ba su san abin da ake yi a Buchenwald ba?

Tambaya: Malam, wata uku ke nan da zuwana birnin Weimar na Jamus karatu. Ranar Asabar na ziyarci Buchenwald, tsohon sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi da ke kusa da garin, tun da na dawo abinci ya ƙi shiga. Tsohuwar da nake haya a gidanta, mace mai kirki ƙwarai, ta ce min iyayenta a garin nan suka yi zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba su san komai ba sai da Amurkawa suka shigo. Wani abokina kuma ya turo min bidiyo a WhatsApp wai duk farfagandar waɗanda suka ci yaƙi ce. Na rasa da wane ido zan dubi mutanen garin.

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Wanda ya je wurin nan ya dawo ya ci tuwonsa hankali kwance, shi ne abin tsoro.

Bidiyon abokinka ba zai ɗauke mu lokaci ba. Masu irinsa kan kafa hujja da cewa ba a gina ɗakunan kisa da iskar gas a Buchenwald ba kamar na sansanin Auschwitz. Haka ne, amma mutum kusan 56,000 suka mutu cikin kimanin 280,000 da aka tsare a can da rassansa, da yunwa da cuta da aikin bauta da harsashi. Fursunonin yaƙi na Sobiyet fiye da 8,000 a ƙeya aka harbe su ɗaya bayan ɗaya. Shaida mai yawa daga takardun dakarun SS masu gadin sansanin su kansu ta fito, don mutane ne masu son rubuta komai.

Maganar tsohuwarka ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri. "Ba mu sani ba." To mu bi ta a hankali.

Sansanin gwale-gwalen a kan tudun Ettersberg yake, kilomita takwas daga tsakiyar gari. Da aka buɗe shi a Yulin 1937 sunan tudun aka so sa masa, sai ƙungiyar raya al'adu ta 'yan Nazi a garin ta yi ƙorafi, wai tudun yana da alaƙa da Goethe, shahararren marubucin Jamus da ya rayu a Weimar, bai dace a ɓata sunansa ba. Shi ya sa aka koma Buchenwald, wato dajin wata bishiya. Ka lura, ba sansanin suka ƙi ba, sunan suka ƙi. Wanda bai san da abu ba yaya zai yi gardama a kan sunansa?

Har zuwa 1940 sansanin ba shi da wurin ƙone gawa na dindindin, don haka a maƙabartar birni ake ƙone mamatansa, ma'aikatan ƙaramar hukuma ke yin aikin. A shekarun farko ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Weimar ne ke rubuta sunayen matattun. Bas na haya yana zirga-zirga tsakanin gari da sansanin. 'Yan kasuwar gari ke kai kayan abinci da na gini, suna karɓar kuɗinsu. A Nuwamban 1938, bayan daren da aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus, Yahudawa kusan 10,000 aka sauke a tashar jirgin ƙasa ta Weimar, ana dukansu tun daga cikin tashar. A shekarun yaƙi fursunoni sanye da kaya masu ratsi-ratsi suna aiki a masana'antar makamai ta Gustloff kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan gari. Har kwafin kujeru da teburin gidan Schiller, shahararren marubucin waƙoƙin da ya rayu a garin, fursunoni aka sa suka sassaƙa, don a ɓoye na asalin kada bam ya same su. Gari mai tattalin teburin mawaƙinsa haka!

Kuma kada wani ya ce maka daga sama aka jefo wa Weimar 'yan Nazi. A nan jam'iyyar ta yi babban taronta a 1926. A jihar Thuringia, inda Weimar take, Wilhelm Frick ya zama ministan Nazi na farko a duk Jamus a 1930, Fritz Sauckel kuma ya hau shugabancin gwamnatin jihar a 1932, tun Hitler bai karɓi mulki ba. Da ƙuri'a suka zo. Sauckel ɗin nan shi aka ɗora wa tattaro ma'aikatan tilas daga ƙasashen Turai, kuma shi aka rataye a Nuremberg a 1946.

Sai dai in yi adalci. Sani hawa-hawa ne. Mai gasa burodi a Weimar ba lallai ya san adadin matattu ko gwaje-gwajen cuta da likitocin SS ke yi a jikin fursunoni ba. Tsoro ma gaskiya ne, ofishin Gestapo, 'yan sandan asirin Nazi, cikin gari yake, kuma maƙwabci kan kai ƙarar maƙwabci. Amma "na ji tsoro na yi shiru" daban, "ban sani ba" daban. Ta farko ana iya tattauna ta, a tausaya ma. Ta biyun rufa-rufa ce da aka ƙirƙira bayan an sha kaye, aka yi ta maimaita wa yara har ta zama tarihin gida.

Ranar haihuwar wannan magana ma sananniya ce. Sojojin Amurka sun isa sansanin ran 11 ga Afrilun 1945, suka tarar da mutum wajen 21,000 da sauran numfashi, cikinsu yara kimanin 900. Ran 16 ga wata suka tasa mazauna Weimar kusan 1,000 a gaba, a ƙafa, suka zagaya da su gaban tarin gawarwaki. A nan aka yi ta jin "ba mu sani ba", fursunonin da suka tsira kuwa suna tsaye suna kallon fuskokin da suka saba gani a titi.

Ita tsohuwar, ina ganin ba ƙarya take maka ba. Yarinya ce a lokacin, ko ma ba a haife ta ba, abin da aka faɗa mata take faɗa maka, kuma ba ta da alhakin abin da ba ta aikata ba. Kada ka tsare ta da gardama a cikin gidanta. In hira ta yi daɗi wata rana, tambaye ta sana'ar mahaifinta, da unguwar da suka zauna, da hanyar da yake bi zuwa aiki.