Hedimasta ya ce na cika sanyi, wai sai na riƙe dorina

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni sabuwar malama ce, ina da takardar shaidar malanta ta NCE, shekarata ɗaya da fara aiki, an ba ni aji uku na firamare yara sun haura tamanin. Kullum hedimasta sai ya ce na cika sanyi ajina surutu, wai in yi koyi da malamin aji huɗu wanda in ya shigo da dorina ko tari ba mai yi, in yana karatu kuma har bakin titi ake jiyo amshin yara. Iyaye ma shi suke yabo. Wallahi abin na damuna har na fara tunanin ko aikin nan ba nawa bane. Wai me ake dubawa a ce malami ya iya koyarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ba inda za ki.

Sanin darasi dole ne, wannan ba sai na tsaya a kai ba, kin dai ji abin da ya faru a Kaduna a 2017 da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai maki 75 da aka yanka. Wanda bai sani ba me zai bayar. Zuwa a kan lokaci da shirya darasi duk kin karanta su a kwaleji.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shine amshin nan da kika ambata. Na daɗe ina zaga azuzuwa kuma ba abin da yake yaudarar mu irinsa. Malami ya rubuta layi biyar a allo, ya riƙe sanda yana nunawa yana rerawa, yara tamanin su ɗauka baki ɗaya har kwanon rufi na amsawa, mai wucewa ya ce kai ana karatu a makarantar nan. To ki je bayan aji ki tsaya ki kalli bakunansu. Yara goma na gaba ne ke jan karatun, sauran jira suke su ji sannan su bi, wani ma idonsa na taga bakinsa na motsi. Sai malam ya juyo ya ce kun gane? Su ce eeeeh malam! Wa zai ce a'a ga dorina a kan tebur? Ni da za a bar ni da na hana yin tambayar nan a aji gaba ɗaya, dan ban taɓa jin ajin da ya ce bai gane ba.

Ɓarnar dukan yara kenan da mutane ba sa lissafawa. Yaron da ke tsoronki ɓoye kuskurensa zai yi, ke kuma kuskuren nan shi kike nema, shi zai nuna miki inda ya maƙale, ko "b" da "d" ne ke rikita shi, ko ya san baƙaƙe amma haɗa gaɓa ne ya gagara. In ya ɓoye haka zai wuce aji huɗu, biyar, shida, ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, sannan a ce yaron ne daƙiƙi. Iyaye kuma su zo suna cewa wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci, haba jama'a. Masu duba makarantu su ma in sun zo rajista da littafin shirin darasi suke buɗawa, su duba ko an sa kwanan wata a allo, su sa hannu da jan biro su hau mota, da wuya ki ga wanda ya kira yaro ɗaya ya ce karanta min nan.

Abin mamaki a makarantar allo mun san wannan tun da can. Duk hayaniyar da ake yi, almajiri baya wanke allonsa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya karanta an ji. Boko ne muka ɗauki hayaniyar muka bar sauraron.

Dan haka gobe ki gwada. Ki kira yara biyar daga bencin baya ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta musu kalmomin da ba na allo ba, tulu, rariya, kaza, makaranta, ki riƙa nunawa a hargitse ba a jere ba. Za ki sha mamaki, watakila ranki ma ya ɓaci, ba komai. In kina kiran biyar kullum, a kamar sati huɗu kin saurari kowa. Sai ki raba su uku, waɗanda basu san baƙi ba, masu haɗa gaɓa, da masu karanta jimla, kowane rukuni da aikinsa, masu ƙarfin su taya ki da na ƙasa. In makarantarku na da littattafan Mu Karanta irin waɗanda aka raba a Bauchi da Sokoto ki zaƙulo su daga kabad, da Hausa yaro ya fi saurin kama haɗa baƙi.

Surutu kuwa iri biyu ne, in na aiki ne ki bar su, in na wasa ne yawanci ba ki basu abin yi bane. Ki haddace sunayensu, kiran suna ɗaya ya fi tsawa goma.

Hedimasta kar ki yi musu da shi, babba ne. Ki buɗe littafi ki rubuta matsayin kowane yaro yau, ƙarshen zango ki sake gwada su ki kai masa, ki roƙe shi cikin ladabi a yi irin gwajin a aji huɗu ma.