Amsa ga mai son komawa Bali da aikin intanet, da batun tsoron bam

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka samu aikin rubuta manhaja da wani kamfanin Turai, kana son ka koma tsibirin Bali na Indonesiya ka riƙa yi daga can, amma Hajiya ta ce ba inda za ka, ai can ne aka tayar da bam aka kashe Turawa. Ka kuma tambayi yadda Musulmi zai rayu a tsakanin 'yan Hindu. Na zauna a can ina irin aikin naka, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Kada ka yi wa Hajiya gardama, gaskiya ta faɗa. Daren 12 ga Oktoban 2002, a titin Legian da ke Kuta, wani ya tayar da bam a jikinsa cikin mashayar Paddy's. Mutane suka fito a guje, sai motar da aka ajiye a gaban Sari Club ta tashi da su. Mutum 202 suka mutu, 88 'yan Ostireliya ne, 38 'yan Indonesiya, cikinsu har da Musulmi masu neman abincinsu a wurin. Ƙungiyar Jemaah Islamiyah ce ta kai harin. Ranar 1 ga Oktoban 2005 aka sake kai wani a Jimbaran da Kuta, mutum 20 suka mutu ban da maharan uku. Tun daga ranar, Bali ba ta ƙara ganin hari irin wannan ba. Abin da ya kamata ka kai wa Hajiya shi ne bayanin yadda aka yi haka ta samu, domin ba da ka aka yi ba.

Abu na farko da ya burge ni da na bi tarihin shi ne, Indonesiya ta ɗauki lamarin a matsayin aikin ɗan sanda da alƙali. Ba a tura soja a kwashe samarin unguwa ba. Wani babban ɗan sanda ɗan Bali, I Made Mangku Pastika, wanda daga baya ya zama gwamnan tsibirin, shi ya jagoranci binciken, da taimakon 'yan sandan Ostireliya. Maharan sun kankare lambobin motar, amma masu bincike suka tono wata lamba da ta saura a jikin ƙarfen, suka bi ta hannu zuwa hannu har ta kai su wani ƙauye a Lamongan, gabashin tsibirin Java. Wata guda bai cika ba aka kama Amrozi. Aka biyo da Imam Samudra, da Mukhlas yayan Amrozi, da ƙaninsu Ali Imron. Aka yi shari'ar a Denpasar, babban birnin Bali, a bainar jama'a, 'yan jarida na ɗauka.

Wannan shari'ar ta fili tana da nauyi fiye da yadda ake ba ta. A lokacin, mutane da yawa a ƙasar suna cewa ai Musulmi ba zai aikata haka ba, aikin Amurka ne. Da suka ga waɗanda ake tuhuma suna amsawa da bakinsu, Amrozi har yana murmushi, sai bakin masu musu ya fara mutuwa. An harbe Amrozi da Mukhlas da Imam Samudra a Nuwamban 2008, bayan shekaru ana ɗaukaka ƙara.

A 2003 aka kafa runduna ta musamman a cikin 'yan sanda, Densus 88, da kuɗi da horo daga Amurka da Ostireliya. Su suka kashe Azahari Husin mai haɗa bama-bamai a 2005, da Noordin Top a 2009, dukansu 'yan Malesiya. Amma wanda ya tsaya a kan bindigar Densus bai ga rabin aikin ba. Ali Imron ya nuna nadama a kotu, aka yi masa ɗaurin rai da rai maimakon kisa, sai 'yan sanda suka riƙa amfani da shi yana yi wa 'yan'uwansa na da magana. Nasir Abas, wanda babban kwamanda ne a ƙungiyar, ya juya ya zama mai bayar da shaida a kansu. Wani ɗan'uwan su Amrozi, Ali Fauzi, ya kafa gidauniya a can Lamongan tana nema wa tsofaffin fursunoni sana'a, tana haɗa su da waɗanda harin ya raunata. 'Yan sanda sukan biya wa ɗan fursuna kuɗin makaranta, su kawo matarsa ziyara. Wasu za su ce wannan shagwaɓa mai laifi ne. Ni kuwa a ganina lissafi ne: ƙungiyar tana riƙe mutanenta ne ta hanyar aure da makaranta da ɗaukar nauyin iyali, to duk wanda ya karɓe mata ɗaukar nauyin iyalin ya tsinke mata igiya ɗaya. A 2010 aka kafa hukumar yaƙi da ta'addanci ta ƙasa, BNPT, ta ɗora a kan wannan.

Sai malamai. Indonesiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, kuma tana da manyan ƙungiyoyi biyu da suka girmi ƙasar kanta, Muhammadiyah ta 1912 da Nahdlatul Ulama ta 1926, masu dubban makarantu da asibitoci da jami'o'i. Yaron da aka ce masa gwamnati ɗagutu ce, akwai malami a ƙauyensu da ya fi mai faɗa masa karatu. A ƙarshen Yunin 2024 manyan shugabannin Jemaah Islamiyah suka fito da kansu suka ce sun rusa ƙungiyar, za su bi dokar ƙasa, za su gyara abin da ake koyarwa a makarantunsu.

Kada ka ɗauka komai zam-zam ne. A 2016 wani da ake zargi, Siyono, ya mutu a hannun Densus 88, Muhammadiyah ce ta tsaya har aka tono gawar aka bincika. A Mayun 2018 a Surabaya, miji da mata da 'ya'yansu suka kai wa coci uku hari. Wanda ya tayar da bam a ofishin 'yan sanda a Bandung a Disamban 2022 tsohon fursuna ne da aka saki. A watan nan ne kuma aka saki Umar Patek, ɗaya daga cikin masu haɗa bam ɗin Bali, iyalan mamata suka yi ta kuka. Na san wasu a nan za su tuna da sansanin tubabbun 'yan Boko Haram na Mallam Sidi a Gwambe. Bambancin da nake gani, a can sai an bi ta kotu an yanke hukunci kafin a zo maganar gyaran hali, mutanen gari sun ji da kunnensu abin da mutum ya aikata. Sai dai a yi adalci, Jemaah Islamiyah ba ta taɓa riƙe ƙasa irin yadda aka riƙe dajin Sambisa ba. Inda aka samu masu bindiga a daji, wato Poso a tsibirin Sulawesi, su ma sai da suka haɗa da soja.

Wancan duk aikin gwamnati ne. Abin da za ka gani da idonka kullum kuwa na mutanen Bali ne, kuma shi ne ya fi shafar ka. Kowace unguwa tana da majalisarta da ake kira banjar, magidanta ke zama su yanke shawara kan biki da jana'iza da gyaran hanya. Kowane gari yana da masu gadi na gargajiya, pecalang, za ka gane su da zanen nan mai gida-gida baƙi da fari. Ka ƙaddara mai unguwa ne da 'yan sintirinsa, amma waɗanda ba mai tsallake maganarsu, ko ɗan sanda yana shakkar su. Baƙo ba ya kama ɗaki a unguwa ba a san da shi ba. Bayan harin 2002 an yi fargabar 'yan Hindu za su huce a kan Musulmin tsibirin, ba a yi ba. Wani Musulmin Kuta da aka fi sani da Haji Bambang yana cikin waɗanda suka jagoranci kwashe gawarwaki tun daren. Su kuma mutanen gari suka shirya babban bikin tsarkake wurin bisa addininsu. Abin da ya biyo baya marar daɗi shi ne takura wa 'yan cirani daga Java, masu tura baro da leburori, da binciken katin zama da karɓar kuɗi. Talakan Musulmi ne ya sha wannan.

To wannan tsarin da ke gadin tsibirin, shi ne kuma yake jawo masu aikin intanet, ko da yawancinsu ba su lura ba. Teku da rana akwai su a wurare da yawa. Abin da ya sa mutum yake barin Berlin ko Mosko ya tare a Ubud ko Canggu shi ne ya tarar da gari mai rai: da safe mata na ajiye ɗan kwandon ganye da furanni da turare a bakin ƙofa, da yamma ana jin kiɗan ƙarafa daga zauren banjar, gonakin shinkafa hawa-hawa suna shan ruwa ta tsarin rabon ruwa na subak da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na kayan tarihin duniya a 2012. A gefen wannan kuma ga intanet mai ƙarfi, ga wuraren da ake biya a zauna a yi aiki, ga abinci da haya da sauƙi in dai da dala ko yuro ake biyan ka. Mutum zai bar kwamfutarsa a tebur ya je ya dawo ya same ta. Sun ɗauka halin kirki ne kawai, alhali akwai idon unguwa a kai.

Za ka fi ganin ƙarfin abin a ranar Nyepi, sabuwar shekararsu, wadda takan faɗo a watan Maris. Daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na washegari ba fita, ba kunna wuta a waje, ba hayaniya, filin jirgin Ngurah Rai a rufe, datar waya ma akan katse ta. Pecalang ne ke zagaye. Bature ko Balarabe, duk wanda ya fito a mayar da shi. Ka sanar da kamfaninku tun da wuri. A shekarun baya da ranar ta haɗu da Ramadan, yarjejeniyar da aka yi ita ce Musulmi su taka da ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba lasifika. A ranar Idi kuma pecalang ɗin nan ne ke tare hanya suna gadin masu salla.

Maganar addini ba ta ba ni wahala ba. Musulmi sun kai kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen tsibirin. Akwai tsofaffin garuruwan Musulmi kamar Pegayaman da Loloan, akwai Kampung Jawa a Denpasar, a Nusa Dua kuma masallacin Ibnu Batutah yana jere da coci biyu da wuraren bautar Hindu da Buda a haraba ɗaya. Abinci ne wurin lura, domin gasasshen alade shi ne abin alfaharinsu. Ka nemi gidajen abincin Padang ko na mutanen Java, suna ko'ina. Masallaci ya yi ƙaranci a Ubud da Canggu, in Juma'a da jam'i sun dame ka, Denpasar ko Sanur sun fi maka. Karnuka kuma birjik, sai haƙuri. Canggu dai ni ban ba ka shawararta ba: gonakin sun zama gidajen haya, cunkoson babura ya wuce misali, mashaya ta yi yawa, 'yan gari kuma sun fara gajiya da baƙin da suka tsadar musu da haya.

Gajiyar nan ta sa hukuma ta ƙara tsanani. A 2021 an kori wata Ba'amurkiya saboda ta yi ta tallar yadda za a shigo Bali a zauna a lokacin korona. An kori wasu don sun tuɓe sun ɗauki hoto a wuraren da ake girmamawa. Tun Fabrairun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido daga ƙasashen waje na biyan harajin rupiya 150,000. A shekarar ne aka fito da bizar masu aiki daga nesa, E33G, ta shekara guda, sai ka nuna takardar aiki da kamfanin waje da albashin da ya kai dala 60,000 a shekara. Ka duba albashinka da kyau kafin ka sa rai.

Ga kuma abin da ya shafi koren fasfo. Shekaru da dama Najeriya na cikin ƙasashen da Indonesiya ba ta ba su biza sai an tantance daga Jakarta, kuma sai da mai tsaya maka a can. Ka fara da ofishin jakadancinsu a Abuja, ka ji matsayin da ake ciki yanzu, kada ka ba wani dillali kuɗi a WhatsApp. A filin jirgi za a yi maka tambayoyi fiye da Bature, ka riƙe takardunka a hannu, ka danne zuciya. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko yaji ne, ko na ɗan garinku ne. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne, kuma a 2015 da 2016 akwai 'yan Najeriya cikin waɗanda aka harbe a tsibirin Nusakambangan.

Bali na gaban Najeriya da awa bakwai, ke nan in kamfaninku a Turai yake, aikinka zai fara bayan azahar ya kai ka dare. Kuma in kana neman abin da ya fi kai baƙi asibiti a can, babur ne. Kowa na hayar sa, rabinsu ba su iya ba, hanyoyin ƙanana, ga yashi ga ruwan sama. Ka yi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida, ka sa hular kwano, ka kuma karanta takardar inshorarka layi-layi, domin da yawa ba sa biya idan hatsarin babur ne kuma ba ka da lasin.