Filin Tambaya da Amsa: Rangwamen Jirgin Fito Idan An Sauya Ranar Tafiya

TAMBAYA: Na yanki tikitin zuwa da dawowa a jirgin fito, ni da iyalina da motarmu, tun da sauran watanni kafin tafiya, kuma na biya cikakken farashi. Daga baya kamfanin ya yi shelar rangwamen kashi 20 cikin ɗari a kan wannan hanyar. Da wani uzuri ya sa dole na sauya ranar tafiya, sai na saka lambar rangwamen, amma aka ƙi karɓa, aka ce garaɓasar ta sababbin tikiti ce kawai. Na biya ciko, na kuma biya kuɗin sauyi. Shin adalci ne wanda ya riga kowa biya ya zama shi ne ya fi kowa biya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, ɓacin ranka yana da dalili, amma a ganina ƙin ba ka sabon rangwamen shi kaɗai bai kai a kira shi zalunci ba. Kamfanonin jirgin fito da yawa sun daɗe da barin farashi ɗaya tsayayye, sun koma tsarin da kamfanonin jiragen sama suka yaɗa bayan Amurka ta sakar musu mara a kan farashi a 1978, wato kuɗin tikiti ya riƙa hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema da kuma wurin da ya rage. Dalilin kuwa a fili yake: gurbin mota ko kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe. Saboda haka idan kamfani ya ga ranar tashi tana ƙaratowa ga kuma wuri a buɗe, sai ya karya farashi domin ya jawo waɗanda da ba su yi niyyar tafiya ba. Kai kuwa ka riga ka shiga lissafinsa, don haka ba kai aka yi wa tallan ba.

Akwai kuma abin da ka samu wanda mai jiran garaɓasa bai samu ba. A ranar da ka biya, ka tabbatar wa iyalinka da wuri a jirgin da kake so, a sa'ar da kake so, alhali wanda ya jira yana iya tarar da wuri ya cika ko farashi ya ninka, musamman lokacin hutun makarantu. Da farashin tashi ya yi bayan ka biya, kamfanin ba zai aiko maka da takardar neman ƙari ba, kai ma ba za ka yarda ba ko da ya aiko. Ciniki ya faɗa a kan farashin wannan ranar, ya kuma ɗaure ku duka biyu.

Inda maganar take da kama shi ne lokacin sauyin. Da ka nemi wata rana, kamfanin ya sake buga lissafin tafiyarka da farashin yau, ba da farashin ranar da ka fara biya ba, shi ya sa ka yi ciko. To idan farashin yau ne ma'auni, rangwamen da ake yi a yau ma yana cikin farashin yau, domin shi ne abin da kowane baƙo zai biya a kan wannan gurbin. Kamfanin ya ɗauke ka sabon mai saye a inda hakan zai sa ka ƙara kuɗi, ya kuma ɗauke ka tsohon mai saye a inda hakan zai hana ka ragi. Wannan ne ɓangaren da nake ganin bai dace ba, ko da sharuɗɗan sun halatta shi. Ka tambaye su abu guda a rubuce: da ranar da ka koma ta fi ta farko araha, za su mayar maka da rarar? Idan amsar a'a ce, to ma'aunin nasu gefe ɗaya yake rinjaya kullum.

Kafin ka amince da sauyi a gaba, ka lissafa hanya ta biyu, wato soke tsohon tikitin da yankar sabo da rangwame. Wannan ya danganta da irin tikitin da ke hannunka, domin yawanci akwai mai araha wanda ba a mayar da kuɗinsa, da matsakaici wanda ake sauyawa bayan an biya wani abu, da kuma mai tsada wanda ake sauyawa ko sokewa ba tare da asara mai yawa ba. Idan abin da za a cire maka na sokewa bai kai ragin da za ka samu ba, sokewar ta fi maka. Sai dai ka tabbata akwai wuri a jirgin da kake nufi kafin ka saki wanda ke hannunka.

TAMBAYA: Ni kuma da rangwame na sayi nawa tikitin tun farko. Kwana ɗaya kacal na matsar da tafiyar, sai aka cire rangwamen gaba ɗaya, aka nemi in cika har zuwa cikakken farashi. Suna da ikon yin haka? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, naki koken ya fi na sama ƙarfi, domin shi abin da bai taɓa samu ba yake nema, ke kuwa abin da ke hannunki aka karɓe. Bari mu ɗauki misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce cikakken farashin ranar farko 100 ne, aka rage miki kashi 20, kika biya 80, ita kuwa sabuwar ranar farashinta 130 ne. Idan rangwamen ya bi ki, sabon kuɗin zai zama 104, cikonki kuma 24. Idan aka cire shi, cikonki 50 ne, wato fiye da ninki biyu, kuma ba a ma zo kan kuɗin sauyi ba. Fasinja ba zai ga wannan bambancin ba idan shafin biyan kuɗi jimla ɗaya yake nunawa ba tare da ya warware ta ba.

Ko suna da iko, wannan ya rataya a kan abin da aka rubuta a sharuɗɗan garaɓasar, da kuma ko an nuna miki shi kafin ki biya. Idan rangwamen na wasu ranaku ne da aka ƙayyade, alal misali tsakiyar mako ko lokacin da fasinja suka yi ƙaranci, ke kuma kika koma ranar da ba ta cikinsu, to kamfanin yana da hujja, domin in ba haka ba kowa zai saya a ranar araha ya matsa zuwa ranar tsada. Amma idan sabuwar ranar tana cikin wa'adin garaɓasar, babu wani dalili na kasuwanci da zai sa a cire, face ribar da kamfanin yake ci daga larurarki.

Dokokin kare mai saye a wasu ƙasashe suna da abin cewa a nan. A Tarayyar Turai, dokar da aka kafa a 1993 kan sharuɗɗan rashin adalci a yarjejeniya ta tanadi cewa sharaɗin da ba a tattauna da mai saye ba, idan ya haifar da rinjaye mai yawa a kansa saɓanin kyakkyawar niyya, ba ya ɗaure shi, kuma idan lafazin sharaɗi yana ɗaukar ma'ana biyu, ana bin wadda ta fi amfanar mai saye. Dokar haƙƙin mai saye ta Birtaniya ta 2015 ma tana da irin wannan tanadi. Sai dai waɗannan dokokin ba sa auna ko farashi ya yi tsada muddin an bayyana shi ƙarara, kuma damar kwana 14 ta fasa cinikin intanet da aka sani a Turai ba ta shafi tikitin sufurin fasinja ba. Saboda haka abin da za ki tsaya a kai shi ne rashin bayyanawa. Ki nemi su nuna miki layin da ya ce sauya rana yana soke rangwame, da kuma inda aka ajiye shi lokacin da kike saye. Idan kin adana hoton tallan da saƙon tabbatar da tikiti, ki haɗa su a takardar koken.

TAMBAYA: Idan kamfanin ne da kansa ya soke jirgin, mai tikitin rangwame zai yi ciko kafin a sa shi a wani? Daga wani mai karatu.

AMSA: Bai kamata ba, Malam, kuma a wasu wuraren doka ta hana. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177 ta 2010, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2012, ta ce idan an soke tafiya ko tashi ya yi jinkirin fiye da minti 90, fasinja ne ke da zaɓi tsakanin a kai shi inda ya nufa ta wata hanya ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 7. Ba a ba shi takardar sayen wani tikiti nan gaba a madadin kuɗin sai da yardarsa. Akwai kuma diyyar kashi 25 na kuɗin tikiti idan isowa ta yi jinkirin aƙalla awa 1 a tafiyar da ba ta wuce awa 4 ba, ta koma kashi 50 idan jinkirin ya wuce ninkin haka, wato awa 2, sai fa idan mummunan yanayi ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfanin ne sanadi. Ana lissafa diyyar ne a kan abin da fasinja ya biya da hannunsa, don haka mai rangwame diyyarsa ta fi ƙanƙanta. Idan aka ba ka zaɓi kuma har yanzu kana da niyyar tafiyar, karɓar wani jirgin ya fi karɓar kuɗi, domin kuɗin rangwamen da za a mayar maka ba lallai ne su sayi sabon tikiti a farashin ranar ba. A ƙarƙashin wannan dokar, ana shigar da koke ga kamfanin ne cikin wata 2 daga ranar tafiyar.